Abin da Muka Kira Kunyar Dada

Dada ta rasu a Gwandu da safiyar da ta biyo bayan ruwan shuka. Allah Ya jiƙanta, Ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara. Waɗanda suka zo dubiya da waɗanda suka aiko da fura na gode musu, ban manta da ko ɗaya ba. Waɗanda suka zo da shawara kawai su ma na gode, ko da yake shawarar ta fi furar yawa nesa ba kusa ba. Na zauna rubuta wannan ne saboda wani kuskure da aka yi a gidanmu ana alfahari da shi, kuma na tabbata ba gidanmu kaɗai ake yin irinsa ba.

Sunana Ma'u. Dada kakata ce, mahaifiyar babana, ita ta riƙe ni tun ina rarrafe bayan rasuwarsa. Ina aiki a ɗakin karatu na jami'a a Kalgo, kuma tun da aurena ya mutu nake zaune ni kaɗai, ba ɗa ba jika. A danginmu mace irina ita ce mai jinya tun kafin kowa ya kwanta. Ba a ma zaman shawara a kai, waya kawai ake bugowa.

Duk wanda ya san gidanmu ya san kunyar Dada. Da ita ake yi wa amare misali. Duk haihuwar da ta yi ita kaɗai ta yi ta a ɗaki, sai dai a ji kukan jariri. Wanka kafin kowa ya tashi take yin sa, ba wadda ta taɓa cuɗa mata baya. A bazarar da tsofaffin mata ke zama da ɗaurin ƙirji a ƙarƙashin rumfa, ita da riga da zani da mayafi take zama, gumi na zuba tana murmushi. Ni da na kwana gado ɗaya da ita har aka kai ni ɗakin miji, ban taɓa ganin ta ba riga ba. 'Yarta ta fari kuwa, Gwaggo Hajo, ko sunanta ba ta kira, sai dai ta ce "waccan". Kowa na yi wa ɗan fari kara, amma ta Dada ta wuce misali, domin Gwaggo ta yi furfura ba ta taɓa zama a bakin gadon uwarta ba.

Mai gidan yanzu Bappa Sambo ne, ƙanen babana, tsohon malamin makaranta. Ba abin da yake so kamar a tambaye shi asali. Zai gyara zama ya jero kakanni, ya faɗi wanda ya yi karatu a wurin wa, da wanda ya fita yaƙi lokacin da ake gwabzawa tsakanin Gwandu da Kabi kafin zuwan Turawa. In ya zo kan mahaifiyar Dada sai ya ce 'yar wani babban malami ce daga yamma, ana kiran ta Inna Gurma, kuma daga wurinta aka gaji kunyar.

Ciwon ya fara ne a hankali, bayan babbar sallar bara. Dada ta riƙa cewa ta ƙoshi bayan loma biyu. Fuskarta ta rame, wuyanta ya zama siriri, amma ƙafafunta suna kumbura, zaninta kuma yana ƙin zagayowa yadda ya saba. Gwaggo ta ce basir ne. Maƙwabciya ta ce ciwon shawara ne. Wani dattijo daga Kambaza ya kawo jiƙo mai ɗaci a jarka, Bappa ya sa aka yi rubutu, mai kemis ya ba da ƙwayoyin gyambon ciki ba tare da ya ga mai cikin ba. Da abin ya ƙi, aka kira wani ma'aikacin lafiya har gida. Ya ce ta kwanta ya taɓa cikin. Dada ta ja mayafi har haɓa, ta juya fuska bango.

Aka ce Bappa dariya ya yi, ya dafa kafaɗar mutumin ya ce, "Malam, wagga ba irin matan yanzu ta ba. Dada ta hwa. Tambaye mu da baki, mu gaya maka."

Mutumin ya tambaya da baki, aka gaya masa da baki, ya rubuta magani ya tafi. Da aka ba ni labarin a waya ni ma dariya na yi, na ce Dada ikon Allah. Haka damina ta wuce, kaka ta wuce, muna yabon ta tana kumbura.

Sai da zafi ya fara shigowa na je gida wata Asabar na tarar tana salla a zaune, tana numfashi kamar wadda ta ɗauko itace daga daji. Ran nan ban nemi shawarar kowa ba. Na ce zan tafi da ita Kalgo. Bappa ya ce tsohuwa irin wannan ba a yawo da ita. Na ce masa ba yawo za mu ba, asibiti za mu. Gwaggo tana tsaye bakin ƙofa, sai da mota za ta tashi ta miƙo ta taga ƙullin man shanu, ta ce a riƙa shafa mata a ƙafa. Dada ba ta dube ta ba.

Makon farko layi ya cinye shi. Wanda bai taɓa ɗaukar tsohuwa mai kumburi daga wurin yankar kati zuwa wurin gwajin jini, ya dawo a ce masa mai karɓar kuɗi ya fita salla ba, bai san tsawon rana ba. Kujerar turawa ba ta isar mutane, sai ka yi dako. Duk da haka ba zan ci amanar ma'aikatan ba, sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da ke hannunsu. Likitar da muka samu yarinya ce mai haƙuri, ba 'yar ƙasarmu ba, Hausarta ta makaranta. Ta lallashi Dada har ta gaji, daga ƙarshe ta ajiye alƙalami ta ce, "Mama, ni ba na iya duba ciwo ta bayan zani." Dada ta ce to a bar shi, Allah na gani ta bayan zani. Muka koma gida da maganin rage kumburi.

A ɗakin likitar akwai wata babbar nas, ana kiran ta Nas Kulu, Bakaba ce, da tsagar Kabawa a kumatunta, layuka da suka taso daga wajen kunne suka taru a gefen baki. Mace ce mai barkwanci, kowa nata ne. Na lura in ta matso Dada sai ta sunkuyar da kai, in ta juya baya kuma sai ta bi ta da ido har ta ɓace. A hanyar gida ta tambaye ni, "Ɗiyar can mai tsaga, ta wane gari ta?" Na ce ban sani ba. Na ɗauka irin ƙyamar mutanen da ce, har na ji kunya a madadinta.

Mako na biyu muka koma, aka sake yin yadda aka yi. Na yi fushi, na yi roƙo, na yi kuka a gabanta. Ta dube ni ta ce in kukan ya ƙare in dama mata kunu.

A mako na uku ne ta faɗi. Da hantsi ne, ina shanya a waje, ta shiga banɗaki ta sa sakata kamar kullum. Na ji ƙarar bokiti, na kira ba amsa. Da taɓarya na ɓalle ƙofar. Na same ta kwance a kan siminti, zanin ya zame, cikin ya yi tsiri yana sheƙi. A kan cikin kuma akwai tsaga. Ba irin ta masu magani ba da ake yi birkice a inda ke ciwo. Layuka ne a jere, daga dama da hagu, sun taso daga haƙarƙari sun taru a cibiya. Kumburin ya buɗe su, kowane ya fito raɗau. Ban buƙaci a gaya mini ba, domin a makonnin nan na gan su a fuskar Nas Kulu.

Na yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Kafin ta san inda take hannunta ya fara laluben zani. Na rufe ta. Muka daɗe muna kallon juna, ruwa na bin ƙasan ƙafafunmu.

Ta ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani, Dada."

Ta ce, "To ki mance."

Washegari ta yarda a ɗauki hoton cikin, da sharaɗin daga ni sai likita, ban da nas ko ɗaya, musamman mai tsaga. Likitar ta ga layukan ba su ce mata komai ba. Ta tambaya ko masu maganin gargajiya ne suka yi, na ce i. Ta daɗe tana kallon allon na'urar, sannan ta ja ni waje. Maganarta har yau tana kunnena: "Da kun zo bara, da muna da abin faɗa. Yanzu sai dai mu sauƙaƙa mata." Ƙari ne a mahaifa, ya riga ya bazu. Abin da ya rage shi ne a riƙa zuƙe ruwan cikin in ya taru, a ba ta maganin zafi.

Aka kwantar da mu. Kuɗi ba sai na faɗa ba, albashina ya shiga, Bappa ya sayar da albasar da ya ajiye yana jiran tsada, Allah Ya saka masa. Amma jinya ba kuɗi kaɗai take ci ba. Kwanakin farko 'yan dubiya cike da ɗaki, daga baya suka koma waya, daga baya wayar ma ta yi shiru. Gwaggo ta zo sau biyu, Dada ta ce a gaya wa waccan ta zauna daga bakin ƙofa, iska ba ta isar ta. Ni ke juya ta, ni ke goge mata jiki a bayan labule, ina tsaron labulen kamar mai tsaron gona. Mutane su ce, "Sannu Ma'u, Allah shi ba da lada." In amsa, alhali abin da ya fi yi mini nauyi ba wanda zan iya gaya wa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan ɗakin mai cike da gadaje ba.

Mutum ɗaya na tuna, ita ma tana wata ƙasa mai nisa. Shekarun baya na yi karatu a Turkiyya, na zauna gida ɗaya da wata ɗaliba mai suna Aishe. Wata rana muna tsince shinkafa ta ba ni labarin kakarta. Kowa ya san tsohuwar a matsayin Baturkiya, mai salla da azumi. Sai dab da mutuwarta, Aishe na taje mata kai, ta gaya mata cewa sunan da ake kiran ta da shi ba shi ne na farko ba. Ita Ba'armeniya ce. A zamanin yaƙin duniya na farko, da aka kori mutanensu daga garuruwansu, aka kashe na kashewa, wasu suka mutu a hanya, wani mutum ya tsince ta tana yarinya ya kai ta gidansa. Ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'yan da ke zagin Armeniyawa a gabanta tana zuba musu shayi. Na tuna abin da na ce wa Aishe ran nan da bakina mai kauri. Na ce mu a wurinmu kowa ya san asalinsa, akwai ma bappana da zai jero miki har kakan kakanni.

Na fita ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke harabar asibitin, da rana tsaka, na kira ta a waya. Ban yi mata dogon bayani ba ta gane. Ta ce, "Ki tambaye ta. Ni kakata ta ba ni sunan, na ce gobe zan tambayi garin, goben ba ta zo da ita ba. Mahaifina har ya mutu yana cewa ruɗun tsufa ne. Kar ki ce gobe."

Da aka sallame mu muka koma ɗakina, na jira la'asar, lokacin da zafin ke lafa mata. Ina shafa mata man shanun Gwaggo a ƙafa na ce, "Dada, wa ya yi maki?"

Na zaci za ta kore ni. Sai ta rufe ido ta ce, "Innata. Da askat ta, maza na gona."

Ta ba ni labarin guntu-guntu, tana hutawa. Babu wani malami daga yamma. Sunan uwarta Ige, Bakaba ce, 'yar masunta daga wani ƙauye a bakin gulbi, can bayan Diggi. Tana ƙarama tana koron tsuntsaye a gonar shinkafa mahaya suka ɗauke ta. "Lokacin kowa kwasa shikai," in ji Dada. "Su ma Kabawa sun kwashi namu. Babu mai hannu da tsabta." Aka kawo ta gidan kakannin Dada, aka sake mata suna, da ta girma mahaifin Dada ya sa ta ɗaka. Ba ta sake taka ƙofar gida ba, in baƙi mata sun shigo sai ta ja mayafi ta rufe kumatu. 'Ya'yanta maza sun tashi 'ya'yan gida, suka yi karatu, suka yi suna, tsagar uwarsu ta zame musu abin kunya. Tana mutuwa suka nema mata uba malami, tun da ba wanda ya rage da zai ƙaryata.

Dada ita ce autarta, haihuwar tsufa. Ba dama a taɓa fuskar 'yar gidan, sai Ige ta yi mata a ciki.

Na ce, "To Dada, mi za a yi da tsagar da ba a gani?"

Ta ce, "Haka nit tambaye ta. Tac ce ranar da nim mutu, mata za su yi man wanka. Ko guda cikinsu ta gani, ta san mutanenta sun bar baya." Ta yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Ita so tay yi a gani. Ni kau dut rayuwata ɓoyo nikai. 'Yan uwana sun ce in wani yag gani, ba mai auren ɗiyanmu."

Sunan ƙauyen ba ta sani ba. Ta ce Ige ma ta manta, tsamiya kawai take tunawa da jirgin babanta. Wata rana da ta ɗan ji ƙarfi na ɗauki shatar mota muka bi hanyar Diggi har inda muka ga ruwa. Ba ta fito ba, na buɗe mata ƙofa ta zauna tana kallon wasu masunta suna gyaran koma. Na sayo mata gasasshen kifi, ita da ba ta cin kifi a gaban mutane, ta tsinci kaɗan ta ci. Ba mu san ko nan ne wurin ba, ko kusa da shi ma. Ta ce ya isa, mu koma.

A hanyar dawowa ta kama hannuna ta ce, "Ma'u, ke ɗai za ki yi man wanka. Kar ki bari waccan ta shigo. Ki yi man alkawali."

Na ce, "Dada, ɗiyarki ta."

Ta ce, "Shi yas sa."

Na yi mata alkawari. Ban fahimci amsar ba, na jefa ta cikin kwandon kunyar 'yar fari kamar yadda muka saba jefa komai.

Makonnin ƙarshe ba na son tuna su. Ruwan ya riƙa dawowa da sauri, allurar zafi ta daina kai ta yini. Da hadari ya fara haɗuwa ta ce a mayar da ita ɗakinta a Gwandu, muka mayar. Ta kwana uku tana jin muryoyin gida, aka yi ruwan shuka, da safe maza na shirin fita gona ta cika, kanta a cinyata.

Na sa aka kawo ruwa da magarya da likkafani, na ce kowa ya fita, wasiyya ce. Mata suka fita suna gunaguni. Gwaggo Hajo ba ta motsa ba. Ta tsaya a ƙofa da butar ruwa a hannu, idonta a bushe.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ta ce ni ɗai."

Ta ce, "Uwata ta. Ta hana ni jikinta tana da rai, na yi haƙuri. Ba ki hana ni yau, Ma'u. Kuma ke ɗai ba ki iya juya ta."

Gaskiya ta faɗa, ba zan iya juya ta ni kaɗai ba. Amma ba don haka na matsa ba. Na dubi tsohuwar da ta kai shekarun kaka tana roƙon a bar ta ta taɓa uwarta, na rasa bakin hana ta. Na ce a raina zan lulluɓe gawar da kyau, ni zan riƙe wajen cikin.

Muka rufe ta da zani daga wuya har ƙafa, muka fara. Ina zuba ruwa na juya ɗaukar buta, kafin in juyo Gwaggo ta riga ta sa hannu a ƙarƙashin zanin don ta matsa cikin a hankali yadda ake yi. Na ga hannun ya wuce, ya tsaya, ya dawo. Na ga yatsun suna bin layukan ɗaya bayan ɗaya ta bayan zanin, daga haƙarƙari zuwa cibiya. Ba ta ɗaga zanin ba. Ta zaro hannunta, ta kama nawa a jiƙe, ta cusa shi ƙarƙashin rigarta, ta danna shi a kan cikinta.

Suna nan. Iri ɗaya, a jere, dama da hagu.

Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "An ce man tsagar saifa ta, anka yi man ina jinjira. Tac ce kar in bari kowa shi gani. Dut tsawon zamana ina zaton ni ɗai ta da abin kunya a jiki, ina zaton shi yas sa ba ta son gani na."

A lokacin na gane. A ɗakin Ige aka haifi Gwaggo, da Dada ta koma gida goyon ciki na fari. Ige ta ɗauki askarta karo na biyu, Dada tana kallo ba ta hana ba, kuma daga ranar ba ta sake iya haɗa ido da yarinyar ba. Mata biyu a gida ɗaya, bango ɗaya tsakaninsu, kowacce tana wanka kafin gari ya waye.

Gwaggo ta ce, "Ma'u, wanga mi na?"

Na dubi fuskar Dada. A waje mata suna ƙwanƙwasawa, suna cewa maza na jira, an gama haƙa. Alkawarin ya riga ya tsage, amma sauransa yana hannuna, ina iya cewa ban sani ba. Na tuna Ige da abin da ta ce game da masu wanka. Na ce, "Sunanta Ige, Gwaggo. Kakarki. Ɗiyar masunta ta." Na gaya mata sauran a taƙaice, muna zuba ruwa. A nan ne ta yi kuka, ba sauti, ta sunkuya ta sa goshinta a kafaɗar uwarta, karo na farko tun da na san su.

Ban sani ba ko Dada za ta yafe mini. Ina roƙa mata gafara kullum, ina roƙa wa kaina. Ina son ta fiye da kowa a duniya, kuma ina jin haushin ta, duka biyun gaskiya ne. Bappa Sambo, da Gwaggo ta same shi da maganar bayan sadakar bakwai, cewa ya yi a bar matattu su huta. Har yanzu in an tambaye shi asali yana jerowa, sai dai na lura in ya zo kan Inna Gurma yana sauri.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne wannan. In tsohuwarku ta ƙi a duba jikinta, kada ku tsaya yabon kunyarta. Ku kori maza daga ɗakin, mace ɗaya da ta yarda da ita ta zauna ta tambaye ta abin da take tsoro a gani. Cikin da ke girma alhali mai shi tana ramewa ba na jiƙo ba ne, kuma ba a duba shi da baki. Mu mun yi shekara muna tafa wa abin da ke kashe ta.

Bayan an yi arba'in, wata safiya na buɗe ƙofa a Kalgo na ga Gwaggo Hajo da 'yar jakarta. Ta ce cikinta na yi mata zafi in ta ci abinci, in kai ta a duba. Tun yanzu zan faɗa, ba a sami komai ba sai gyambon ciki, alhamdu lillahi. Muka yi layin da na haddace, muka shiga wurin likitar nan mai haƙuri. Nas Kulu na ciki tana shirya gado. Na buɗe baki zan roƙi a bar mu daga mu sai likita, Gwaggo ta riƙe mini hannu. Ta hau gadon, ta kwanta, ta ɗaga rigarta da kanta.

Nas Kulu ta tsaya da audugar a hannu. Ta dubi cikin, ta kai yatsu ta taɓa kumatunta.

Ta ce, "Hajiya, wa yay yi maki wagga?"

Gwaggo ba ta sauke rigar ba. Ta ce, "Kakata. Sunanta Ige, ɗiyar masunta, ta bakin gulbi. Ko kin san mutanenta?"

Nas Kulu ba ta san su ba. Amma ta ajiye audugar, ta jawo kujera kusa da gadon ta zauna, ta ce wa likita ta ɗan dakata.